Hajiya Barmani Coge da Matsayin Amada a Tarihin Wasan Kwaikwayon Hausa

Duk wanda ya karanta abin da aka rubuta game da tarihin wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa zai tarar hanya ɗaya ake bi. Akan fara da ambaton wasannin gargajiya a taƙaice, kamar tashe da kalankuwa da wasan gauta, sa'an nan a tsallaka zuwa ga littafin nan na R. M. East, *Six Hausa Plays*, wanda ya fito cikin shekarun 1930. Daga nan sai *Wasan Marafa* na Abubakar Tunau, sai wasannin Shu'aibu Maƙarfi irin su *Zamanin Nan Namu* da *Jatau Na Kyallu*, sai *Uwar Gulma* na Mohammed Sada, har a gangaro ga su Samanja da Ƙasimu Yero a rediyo da talabijin. Wannan jeri ba ƙarya a cikinsa. Aibinsa ɗaya, shi ne mai karatu zai ƙare da zaton cewa matan Hausawa ba su shiga fagen wasa ba sai da aka ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna akwai wani fage da mata suka daɗe suna riƙe da shi, inda waƙa da rawa da kwaikwayo suke tafiya tare, kuma a ba da tarihin macen da ta fi kowa fito da shi sarari a ƙarni na ashirin, watau Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa.

'Yar wasa mai waƙa

A ƙasashe da yawa akwai irin wasan da ba a ba da labarinsa da magana kurum. Ɗan wasa yakan yi zance, in abin ya kai wani matsayi sai ya ɓarke da waƙa, makaɗa su ɗauka, rawa ta biyo baya. A Masar, Munira al-Mahdiyya, wadda ta rasu a 1965, ta yi suna da wannan sana'a tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ta kafa ƙungiyar wasa tata ta kanta, abin da ba a saba gani ba ga mace Musulma a lokacin. A nan gida kuwa Yarabawa suka yi fice. Hubert Ogunde ya fara nuna wasanninsa masu waƙa a Ikko a tsakiyar shekarun 1940, Duro Ladipo kuma ya kai wasansa *Oba Koso* har Jamus a 1964, matarsa Abiodun tana fitowa a matsayin Oya. Abin lura a tarihin waɗannan ƙungiyoyi shi ne wahalar samun mata. Iyaye ba sa son 'ya'yansu su hau dandamali, saboda haka Ogunde ya riƙa auren matan da ke wasa a ƙungiyarsa, don ƙungiyar ta ɗore. Watau mace takan shiga wasa ta ƙofar aure, ta zauna ƙarƙashin mai gida wanda shi ne kuma mai ƙungiya.

A ƙasar Hausa al'amarin ya bi wata hanya dabam, kuma kulle ne ya jawo haka. Tun da matan aure ba sa cuɗanya da maza a dandali, sai suka yi nasu dandalin a tsakar gida. A fadojin sarakuna akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu, su kuma fito da aibin wanda ke da aibi. 'Yan mata suna da gaɗa da tashensu na watan azumi. A bori ma, in aka kau da kai daga batun imani da iskoki, abin da ido ke gani shi ne mace ta sake kama, ta ɗauki murya da tafiya da tufafin wani, garaya tana yi mata jagora. Amada ta tsiro ne a wannan gona.

Ƙwarya da fagenta

Kayan kiɗan amada ba su wuce abin da ke ɗakin kowace mace ba. Duma ne, wanda daga gare shi ake samun masaki da ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da shantu. Mutanen ƙasar Hadeja ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar duma, don har yanzu masunta a fadamun da ke tsakanin Hadeja da Nguru sukan kwanta bisa gora su bi ruwa da komarsu. Masu amada sukan kife ƙore masu bambancin girma a ƙasa, su zauna a bayansu suna bugu da 'yan sanduna, kowace ƙwarya da irin amonta. Sa'an nan a kawo babban mazubi a cika da ruwa, a kife wata ƙwarya a kansa ta yi iyo. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙwaryar da ruwan ita ke ba da amon nan mai kauri da ake ji a ƙirji, kuma in aka danna ƙwaryar ta nutsa kaɗan, ko aka sassauta mata, sai amon ya sauya. Wannan shi ne kiɗan ruwa. Ba fata a cikinsa balle a nemi majemi, ba kuma tsirkiya da za ta tsinke. In ƙwarya ta fashe a kira gyartai.

Wannan sauƙin kaya yana da ma'ana babba a tarihi. Kalangu da kotso da tambari duk na maza ne, kuma galibi gado ne. Wanda bai fito daga gidan kiɗa ba da wuya ya taɓa su. Ƙwarya kuwa ba ta da gidan gado. Duk macen da Allah ya ba murya da kaifin baki tana iya tara maƙwabtanta ranar suna ko ranar wunin biki su kafa ƙore. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan Barmani, ya nuna cewa amada ta faro ne a matsayin waƙoƙin bege da mata kan yi a cikin gida, daga baya ta juya zuwa ga al'amuran duniya a hannun waɗanda suka mai da ita sana'a.

Yadda fagen yake shi ne abin da ya kamata mai nazarin wasan kwaikwayo ya tsaya a kansa. Masu kiɗa suna zaune a jere, su ne kuma 'yan amshi. Uwar waƙa tana tsaye ko tana kai da kawowa a gabansu. Matan biki sun yi da'ira, amma da'irar ba ta hana kowa shiga: wadda waƙa ta taɓa sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta shigo ta taka, ƙawayenta su bi ta da liƙi, wata ta rangaɗa guɗa. Ba labule, ba iyaka tsakanin mai wasa da mai kallo. Uwar waƙa ba ta zo da rubutaccen labari ba, amma ta zo da mutanen labari a bakinta, waɗanda kowace mace a wurin ta sani: uwargida, amarya, mijin da ya kasa adalci, malalaciyar da ba ta da sana'a, hajiyar da ta tara abin hannunta. Aikinta shi ne ta raba wa taron waɗannan riguna, ta kuma sa wadda ta ga dama da kanta.

Daga Gwaigwaye zuwa Funtuwa

An haifi Sa'adatu cikin shekarun 1940 a ƙasar Funtuwa, a ƙauyen Gwaigwaye, lokacin ana lardin Katsina. Barmani laƙabi ne irin wanda Hausawa kan sa wa 'yar da aka samu bayan wabi, roƙo ne ga Mahalicci a bar wa uwa wannan. Coge kuwa daga rawa ya samo asali, wata irin taka mai kama da ɗingishi wadda ta shahara da ita tun tana ƙarama. A bisa ƙa'idar rubutun Hausa *Coge* ya kamata a rubuta, amma masu buga bangon kaset da 'yan jarida sun bi rubutun Turanci sun sa *Choge*, har ya zauna. Ko daga wannan laƙabi mai karatu zai gane cewa da jiki aka fara saninta kafin murya: kwaikwayon tafiyar wani ne ya ba ta suna.

Garin da ta tashi a cikinsa ya taimaka. Funtuwa gari ne na jirgin ƙasa da auduga. Hanyar dogo da ta tashi daga Zariya ta nufi Gusau da Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta ratsa ta cikinsa, ga injin gurzar auduga, ga manyan motoci da direbobi da 'yan kamasho. Irin wannan gari yakan tara baƙi daga ko'ina, kuɗi na yawo lokacin kaka, kuma idon dattawa bai cika tsananta wa mutum kamar a tsofaffin birane masu ganuwa ba. Ba banza ba Alhaji Mamman Shata ya zaɓi Funtuwa ya zauna shekaru masu yawa. Yarinyar da ta girma a nan ta ji kiɗa iri-iri tun ba ta san za ta ci abinci da shi ba.

An yi mata aure tana da kimanin shekara 15, ta auri Alhaji Aliyu, wanda shi ma makaɗin garaya ne. Sun haifi 'ya'ya 12, suna tare har ya rasu a 1991. A nan za a ga kama da abin da muka faɗa game da Yarabawa, domin ita ma aure ne ya buɗe mata ƙofa. Da wani ta aura wanda ke ganin kiɗa abin kunya ne, da wataƙila muryarta ba ta wuce zauren gidansu ba. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. Ba ta zama 'yar amshin mijinta ba. Ta kafa ƙungiyarta ta mata, da sunanta ake gayyata, ita ke tsara waƙa, ita ke raba abin da aka samu. Ta wannan fuska ta fi kusa da Munira ta Masar.

A farkon shekarun 1970 ta ɗauki amada sana'a sosai. Ba ita ta fara fitar da amada waje ba. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta, kuma wadda duk ta zo bayan Uwaliya ta sha daga rijiyarta. Sai dai Uwaliya ta rasu a farkon shekarun 1980, fagen ya zama na Barmani kusan ita kaɗai har shekara talatin.

Abin da take nunawa

Waƙoƙinta da suka fi shahara ba su da yawan jigo, amma ta san inda ke yi wa mata ƙaiƙayi. Na farko shi ne kishi. Marubuta maza sun taɓa wannan batu, *Uwar Gulma* ma a kan rikicin aure aka gina shi, amma sukan dube shi daga zaure, su ƙare da wa'azi. Barmani daga cikin ɗaki take dubansa. A waƙarta ta kishiya takan tsaya a matsayin matar da aka yi wa amarya, ta zayyana yadda labarin ya iso mata, da irin kallon da ta yi wa baƙuwar, ta siffanta ta da munanan kamanni har taro ya fashe da dariya. Mai sauraro a rediyo zai ce zambo ne kurum. Wanda ya ga fagen ya san abin ya fi haka, don a cikin matan da ke dariya akwai uwargida akwai amarya, wani lokaci ma na gida ɗaya, kowacce kuma ta san an ba ta dama ta huce a bainar jama'a ba tare da an kai ƙara gun mai unguwa ba. Abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida ranar talata, ya faɗu ranar biki da sunan wasa.

Na biyu shi ne sana'a, kuma a ganina nan ne ta fi yin aiki mai amfani. Ta yi ta kiran mata su kama abin yi, tana yi wa wadda ta zauna jiran miji ba'a mai zafi, tana kuma wasa hajiyoyin da suka yi arziki da guminsu. Wannan kira bai zo daga littafin wata hukuma ba. Tattalin arzikin matan kulle abu ne sananne: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, dambu, saƙa, kitso, adashi, da 'yan mata masu kai talla. Barmani ta ɗauki wannan duniya da maza ba su cika lissafawa ba ta ba ta kirari. Ita kanta kuwa hujja ce a kan abin da take faɗa, don ga ta nan a tsaye, mai 'ya'ya goma sha biyu, tana cin gumin bakinta.

Akwai kuma waƙarta ta gwarne, inda ta juya abin gori ya zama abin alfahari, tana kāre macen da ke haihuwa a kai a kai. Ma'aikatan lafiya na yau ba za su sa hannu a kan wannan ba, kuma suna da hujjarsu. Haka nan waƙar da ta yi wa mazaunan mace, wadda ta sa wasu malamai da 'yan boko suka ɗauke ta mai batsa. Gaskiya ne bakinta ba shi da linzami a wasu wurare. Amma ya kamata a tuna cewa an gina waɗannan waƙoƙi ne don taron da babu namiji a ciki, inda mata ke magana irin tasu tun kaka da kakanni. Na'ura ce ta kwashe su ta kai kunnen da ba don shi aka yi su ba, sa'an nan mai kunnen ya juyo yana zargi.

Yadda muryar ta iso Birniwa

Birniwa, a arewa maso gabashin ƙasar Hadeja, ta yi tarayya da Funtuwa a abu ɗaya: ita ma tashar jirgi ce, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Malam Madori ta ƙare a Nguru a 1930. Abin da auduga ta yi wa Funtuwa, gyaɗa ta yi wa garuruwan wannan layi gwargwadon hali. Matan wannan yanki, Hausawa da Mangawa da Fulani, suna da kiɗan ƙwaryarsu da waƙoƙin daka da na niƙa tun kafin a ji sunan wata Barmani. Abin da ya sauya shi ne zuwan rediyo da kaset. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryar makaɗa har ƙauyen da mota ba ta zuwa. A 1973 aka sake kuɗi aka koma naira, ba da jimawa ba kuma ƙarin albashin Udoji ya cika kasuwanni da rediyo mai kaset. Shekarun nan su ne na babban fari a Arewa, gyaɗa ta faɗi, amma duk da haka akwatin kaset ya shiga cikin kayan ɗakin amare.

Sakamakon haka iri biyu ne. Mace a Birniwa ko Kirikasamma wadda ba ta taɓa taka Funtuwa ba ta haddace waƙoƙin Barmani, masu ƙwaryar gari kuma suka shiga ɗaukar salonta don shi matan biki ke nema. Ta haka amada irin ta Funtuwa da Kano ta zama ma'auni, salon ƙauyuka ya fara ja da baya. Na biyu, kaset murya kaɗai yake ɗauka. Harara, da murguɗa baki, da tafiyar cogen da ta ba ta suna, da yadda takan tsaya gaban wata hajiya ta ƙi matsawa sai an yi liƙi, duk sun zube a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa manazarta suka jera ta a sahun mawaƙa kurum. Littafin Beverly Mack, *Muslim Women Sing*, na 2004, da ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa sun yi wa fannin waƙa hidima ƙwarai. Masu tarihin wasan kwaikwayo ne ba su zo sun ɗauki nasu kason ba.

Shekarun ƙarshe

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da *Turmin Danya*, aka shiga zamanin finafinan bidiyo. Kafin shekara goma waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a silima, sun zama gishirin fim ɗin Hausa, musamman bayan *Sangaya*, wanda ya fito da Fati Muhammad. A nan ne aka sami 'yar wasa mai waƙa irin wadda duniya ta sani, amma an raba aikin kashi-kashi. Wani ke rubuta waƙar, wata irin su Fati Nijar ke rerawa a ɗakin ɗaukar murya, fiyano ke kiɗa, 'yar wasa kuma ta motsa baki a gaban kyamara, kuɗin ya tafi ga mai shirya fim. Abin da Barmani ta haɗa a jikinta ita kaɗai, har da jakar kuɗin, ya watsu a hannun mutum huɗu ko biyar. Gidajen biki ma suka koma ɗauko mai na'ura da manyan lasifikoki, don ya fi arha a kan ciyar da ƙungiyar mata goma da kuɗin motarsu.

Dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa, wanda ya faro daga Zamfara a 1999 ya kuma game Katsina da Kano da Jigawa a 2000, ya ƙara ƙuntata wa makaɗa na ɗan lokaci, ko da yake taron mata zalla bai sha matsin da kiɗan dandali ya sha ba. Barmani ta ci gaba da zuwa biki da tarurruka har tsufa da ciwo suka ci ƙarfinta. Ta rasu a Funtuwa a farkon watan Maris na 2013.

Abin da ya rage na wasanta da ido zai iya gani shi ne 'yan hotunan da gidajen talabijin da masu bidiyon biki suka ɗauka, waɗanda wasunsu ke yawo a YouTube, yawancinsu kuma an ɗauke su ne a ɗakin watsa shiri ko a kan dandamali, inda aka jera ta gaban kujeru, aka raba ta da da'irar matan da wasan ke bukata. Wanda ke son ya ga yadda fagen yake a ainihinsa sai ya nemi tsofaffin masu ƙwarya a garuruwa irin su Birniwa da Guri da Kafin Hausa, waɗanda suka yi zamani da ita suka kuma san salon da ya riga kaset. Namiji ba zai shiga wunin biki ba, saboda haka aikin ya faɗa kan ɗalibai mata na sassan Hausa, a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel da sauransu. Kayan aikin kuwa wayar hannu ce da izinin uwar biki, sai kuma haƙurin zama daga azahar har a kwashe ƙore.